Ranar da Na Hana a Ja Mini Hannu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsaya da ni lokacin da ni kaina ba na iya tsayuwa. Fasto, dattawa, mata 'yan'uwana, na gode da kuka ba ni wuri. Zan yi magana a hankali, don harshena har yanzu yana tuntuɓe. In na tsaya ku jira ni, kada kowa ya ƙarasa mini magana. An ƙarasa mini magana ya ishe ni.

Baƙinmu da suka zo daga Mayahi ba su san ni ba. Sunana Hannatu, a nan Tasawa nake, maigidana ya rasu da daɗewa, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ina gaya muku tun yanzu, shaidar nan ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Na yi ta juya ta a raina ko in sassauta, sai na ga in na sassauta ƙarya zan yi a gaban Allah. Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ga ta can zaune. Ƙawata ce tun muna amare, ta san abin da zan faɗa, ita ce ma ta ce in faɗe shi duka.

Abu biyu aka san ni da su a garin nan, hannu da baki. Ni nake hawa moto in tafi kasuwar Korgom in auno gyaɗa, in dawo in soya, in kai inji, in zauna in murje tunkuza har mai ya tashi, ban taɓa neman wani ya karɓe ni ba. Baki kuwa, ku tambayi masu awo. Wanda ya rage mini tiya sai duk rumfar ta ji sunansa. A taron zumunta in ana shawara, kafin a ce wa ke da magana na riga na miƙe.

Ran da abin ya same ni ina gaban kasko da rana tsaka. Na ga ludayi ya faɗi daga hannuna na dama, na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in kira ɗiyata Rifkatu, wadda ke zaune da ni da ɗanta, sai na ji wani irin sauti ya fito wanda ba nawa ba. Daga nan ƙasa ta taso ta same ni.

A likita suka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwa. Suka yi ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, na dawo gida da rai. Amma ɓarin dama duk ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ina jin duk abin da ake faɗa, ina gane kowa, amsa tana nan cikin kaina a shirye, amma in na tura ta sai gurnani ya fito. Ni da ban taɓa miƙa wa mutum ko allura da hagu ba, sai ga ni ina cin tuwo da hagu, ana goge mini haɓa.

Matan zumunta ba su yar da ni ba, wannan dole in faɗe shi kafin komai. Sun yi mini wanki, sun yi mini daka, sun kawo kunu da fura, wata ta share tsakar gida, wata ta goyi jikana don Rifkatu ta huta. Ladi kuwa kullum sai ta zo. Ita ta wanke mini abin da ko 'yar'uwata ta ciki ɗaya sai ta kau da kai. Ba zan manta ba har in mutu.

Amma kun san yadda muke addu'a ga mai shanyewar jiki. Haka muka taso muka tarar ana yi. Za a kewaye shi, a yi waƙa, sai shugaba ta kama hannun da ya mutu ta wuyan hannu, ta ɗaga shi sama har ya wuce kai, ta girgiza, ana cewa ya miƙe cikin sunan Yesu. Muna yi ne don tunawa da mutumin nan mai shanyayyen hannu da Ubangiji ya warkar. In an gama kuma za a tayar da mai ciwo daga tabarma, da hannun nan ake jawo shi, wai don jijiya ta saba.

Kowace Alhamis da la'asar haka aka riƙa yi mini.

'Yan'uwa, na haihu, na san ciwo. Mai ya taɓa zubo mini a ƙafa yana tafasa. Amma ban taɓa jin abu irin wannan ba. Hannun ba ya motsi, amma yana ji. In Ladi ta ɗaga shi sai in ji kamar ana ɓalle cinyar kaza daga jikinta, ni ce kazar kuma da raina. Sai in yi gurnani, hawaye su zubo, jikina ya ɗauki rawa.

Sai in ji Ladi tana cewa, "Ku gani, shina hita. Ciwon shina hita. Ku ƙara waƙa."

Su ƙara waƙa, ita ta ƙara ɗagawa.

Wata ta sunkuyo ta ce mini, "Yi kuka, Mama Hannatu, Ruhu ne ya taɓa ki."

Ina kallonsu, mutanen da suka fi kowa sona a duniya, ina zaginsu a cikin kaina. Eh, na zage su. Allah ya ji, ya kuma gafarta. Har ya zama in Alhamis ta zo tun safe ba na iya cin abinci. Rifkatu tana tsammani zumuɗi nake yi.

Tafiya ta yi tafiya, ƙafa ta fara ɗan ɗaukata da sanda, amma kafaɗa sai ƙara lalacewa take yi. Ko zane ya goge ta sai na zabura. Na daina yarda a taɓa ni ta dama. Wata rana Rifkatu tana yi mini wanka ta tsaya da soso a hannu, ta ce, "Inna, mi ya samu kahwaɗarki? Wani rami ne nan." Ta kawo madubi. Na ga kafaɗata ta hagu a cike, ta dama kuwa ta zube, hannun ya sauka ƙasa ya bar gurbi a sama.

Da muka koma likita awon tansiyo, Rifkatu ta nuna musu. Suka tura mu wurin kine, wato masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Wata mata ce, Madam Zainabu, doguwa, da hijabinta da farar rigar aiki, ba ta da yawan dariya. Ta zaunar da ni, ta sauke mini riga daga kafaɗa, ta sa yatsunta a ramin nan. Yatsa biyu suka shige.

Ta dubi Rifkatu ta ce, "Wa ke jan hannun ga?"

Rifkatu ta sunkuyar da kai.

"Ba hwaɗa nike ba. Amma wani shina jan shi. Hannu ba ya kumbura haka shi kaɗai."

Rifkatu ta gaya mata yadda ake addu'a. Na zuba ido in ga ko za ta yi mana dariya, mu Kiristoci da abinmu. Ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskata, ta yi magana da ni, ba da ɗiyata ba. Tun da na faɗi, ita ce ta fara yi mini magana kamar mai hankali.

Ta ce ƙashin hannu ba a ɗaure yake da kafaɗa ba kamar yadda muke zato, nama ne ke riƙe da shi a gurbinsa. Yanzu naman nan ya yi barci, nauyin hannun kaɗai ya isa ya jawo ƙashin ƙasa. In aka zo aka ja, ko aka ɗaga sama da ƙarfi, jijiyoyin da suka rage ake yagewa. Ta ce, "Mama, ki ji ni da kyau. Hannun ga bai mutu ba, akwai alamar zai hwarka. Amma in anka ci gaba da jan shi, zahi zai hana ki motsa shi, in ba ki motsa ba kuwa sai ya sandare. Daga nan ba ni da abin da zan yi miki."

Sai ta ɗauko wani naɗi shuɗi. Mu skoc muke ce masa, ita tana cewa bandi. Kamar ƙyalle yake, yana miƙewa kamar roba, bayansa da danƙo. Ta goge mini fata da alkol, ta auna, ta yanka da almakashi, ta zagaye bakinsa don kada ya kama riga. Ta sa Rifkatu ta tallafi gwiwar hannuna ta ɗan turo sama a hankali har ƙashin ya koma wurinsa. Sannan ta manna, ɗaya daga tsakiyar damtse ya hau ta gaba, ɗaya ya hau ta baya, ɗaya ya gitta saman kafaɗa. Ta murza da tafin hannunta har ya yi ɗumi. Ta ce Rifkatu ta saki.

Na jira zafin nan da na saba. Ya zo, amma rabinsa. Hannun bai zube ba. Na ji kamar wani ya sa tafinsa a ƙarƙashi ya riƙe mini, bai kuma gaji ba. Na fashe da kuka a gaban matar nan, wannan karon kukan daban ne.

Ta ce, "Bon. Kada ki ɗauka magani ne, Mama. Ba ya warkar da komi. Tallahi ne, shi rage miki zahi, shi tuna ma naman aikinshi, don mu samu mu yi motsi. Aikin naki ne. Addu'a kuma ki ci gaba da abinki, ni ma ina sa ki cikin tawa. Amma hannun ga, kowa ya bar shi."

Ta koya wa Rifkatu sauran. In zan zauna a sa matashi ƙarƙashin hannun, kada ya yi lilo. In za a sa mini riga a fara da hannun ciwo. In za a tayar da ni a kama ni ta ƙugu. In an yi wanka a dafa skoc ɗin da tsumma, kada a cuɗa. Bayan 'yan kwanaki mu dawo a sake sabo.

Alhamis ta zo. Ina ji Rifkatu ta tari Ladi a bakin ɗaki, muryarta can ƙasa, ta ce, "Mama, likita ta ce a daina ɗaga hannun."

Ladi ta ce, "Wace likita? Ke Rifkatu, a gabana anka haihe ki. Likita ta yi nata, mu ma mu yi namu."

Shi ke nan. Me Rifkatu za ta ce? Mu muka yi mata tarbiyyar nan, mu muka koya mata ba a musu da babba. Ta koma gefe tana murza bakin zanenta.

Da suka ga shuɗin abin a kafaɗata sai aka fara kallon juna. Na ji wata a baya tana raɗa wai ita abin ya yi mata kama da laya, wa ya san abin da ke ciki, ga shi kuma ba mai bi ba ce ta manna. Laya! Abin da aka yanka da almakashi a gaban idona. Wata ta ce bangaskiya ba ta bukatar skoc. Aka yi waƙa, Ladi ta kama wuyan hannuna ta ɗaga. Na ji danƙon yana ɓamɓarewa daga fata, na ji ƙashin ya sake zamewa.

Da muka koma wurin Madam Zainabu ta duba kafaɗar. Ta kumbura, ta yi zafi kamar an gasa. Ta ce sai an jira kumburin ya sauka kafin a yi wani motsi. Da ta sake mannawa ta ce, "Ni in ɗaure, su kwance. Ba za mu kai ko'ina ba haka. Ni ba ni iya zuwa gidanki in tsaya bakin ƙohwa, Mama. Ɗiyarki kuma kunya ta ɗaure ta. Saura ke."

Saura ni. Ni da ko sunana ba na iya faɗa.

Alhamis ta gaba da hantsi Rifkatu ta tafi inji, aka bar ni ni kaɗai ƙarƙashin rumfa. A nan na yi addu'ar da na zo in ba ku labari. Ba addu'a ce mai ladabi ba. Faɗa na yi da Allah, a cikin kaina, tunda nan kaɗai nake da murya.

Na ce, Ubangiji, kai ka san ni. Kai ka yi ni da baki, ka bar ni na yi shekaru ina ɓarnatar da shi a kan tiyar gyaɗa. Yau da nake bukatarsa ka rufe. 'Ya'yanka ne suke karya ni, da sunanka suke yi, kana kallo. In so kake hannun nan ya tafi, ka ɗauke shi da kanka, na yarda. Amma ba zan yarda a ɓalle mini shi da waƙa ba. Yau ban roƙe ka hannu ba, ban roƙe ka ƙafa ba. Ka ara mini bakina na la'asar ɗaya.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Kaji suna ta tonon ƙasa, rana tana ta dukan kwano. Abu ɗaya dai na lura, yunwa nake ji, ni da ba na iya cin abinci kowace Alhamis. Da Rifkatu ta dawo na cinye abincin da ta ba ni har na nuna a ƙara.

La'asar ta yi, suka shigo. Aka gaisa, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗauki waƙa. Ladi ta durƙusa ta gefen damana kamar kullum, ta rufe ido, ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna.

Na ɗaga hagu na damƙe nata. Hagun nan shekara da shekaru tana riƙe turmi, ba ta manta ba. Ladi ta buɗe ido. Na tara duk abin da ke jikina na tura, sai na ji ya fito.

"A'a."

Waƙa ta yanke. Murya ce mai kauri, karkatacciya, amma tawa ce, kowa kuma ya ji.

Wata ta fara cewa, "Ta yi magana, ku yabi..." Ladi ta yi murna ita ma, fuskarta ta washe, ta ƙara riƙe hannun za ta ɗaga don godiya. Na ƙara matse ta har sai da ta ji a ƙashinta. Na ce, "Sa...ke." Na saki nata, na ɗora tafina a kan shuɗin skoc ɗin na rufe shi. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Zahi."

Sai Rifkatu, da ta ga uwarta ta buɗe hanya, ta fashe da kuka ta faɗi duka, yatsa biyu, kumburi, abin da likita ta ce, da cewa duk kukan da nake yi tun farko na ciwo ne.

Ladi ta dube ni ta ce, "Hannatu, ni? Ni ce nike cutar ki?"

Da ina da magana da na lallashe ta. Da na ce ke ce kika wanke ni, ke ce kika ciyar da ni. Amma kalmomi uku aka ara mini, na kuma kashe su. Na gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗauki mayafinta ta fita, sauran suka bi ta a hankali.

Kada wani ya ce muku in Allah ya amsa addu'a komai daɗi yake yi. Alhamis ta zo ta wuce, tsakar gidana shiru. Wasu suna aiko da abinci, amma ba sa zama. Na ji an ce ciwo ya taɓa mini hankali. Na ji an ce na fifita likita a kan Allah. Ladi ba ta sake takowa ba. Na yi kewarta ƙwarai, kewar da ta fi ciwon kafaɗar. Amma ko sau ɗaya ban yi nadama ba, kuma yau ma ban yi ba.

Na sa kaina aiki. Madam Zainabu ta koya mini in harɗe yatsun hannu biyu, lafiyayyen ya ja ragamar mai ciwo, in tura ƙwarya gaba a kan tebur in dawo da ita. Abin da yaro mai rarrafe zai raina, ni gumi nake yi a kansa. Ga zafin Tasawa, gumi ya sa skoc ya ɗago baki kafin lokacinsa. Ga ƙaiƙayi. Wani lokaci fatar ta yi ja, a cire a hankali da ɗan mai, a bar ta ta huta. Wani lokaci naɗin ya ƙare sai an jira a kawo daga Maraɗi, in koma rataya hannu da ɗankwali. Kowane tura ƙwarya ina kiran sunan Yesu a ciki, daga baya na fara kiransa a fili, haka maganar ta riƙa dawowa tare da hannun.

Wata safiya ina kallon babban yatsana na ce masa motsa, ya motsa. Kaɗan, kamar numfashin jariri. Na kira Rifkatu da sunanta cikakke ta zo ta gani.

Fasto ya zo duba ni, ya zauna ya yi haƙuri da guntayen kalmomina. Ya tambaye ni a hankali ko ban ga kamar na hana matan zumunta yin biyayya ga misalin Ubangiji ba. Na ce, Fasto, ni ban yi lakwal ba, karanta mini ake yi. Amma a labarin mai shanyayyen hannun nan, wa ya miƙa hannun? Ubangiji ya yi magana, mutumin ya miƙa da kansa. Ban ji inda aka ce almajirai sun taru sun fizge shi ba. Fasto ya ce zai koma ya sake dubawa. Ranar Lahadi ya yi magana a kai daga kan mumbari, bai ambaci sunan kowa ba.

Ladi dai ba ta zo ba. Na san halinta, kunya ce ta hana ta, ba fushi ba. To ni ba na jira. Ran da ƙafata ta yi ƙwarin da za ta kai ni unguwarsu, na ɗauki sanda na tafi. Da gangan na sa riga mai faɗin wuya, shuɗin yana waje, duk mai son kallo ya kalla. Na same ta tana tsince wake. Ta gan ni ta rasa inda za ta sa ido.

Na zauna kusa da ita ta dama. Na kamo hannunta na sa yatsunta a ramin kafaɗata, wanda lokacin ya ragu, yatsa ɗaya ke shiga. Ta taɓa, ta janye da sauri, ta rufe fuska da zane. Na bar ta ta yi kukanta. Sannan na sake kamo hannun, na juya tafin sama, na ɗora gwiwar hannuna a ciki.

Na ce, "Nan za ki riƙe. Ki tallaha. Kada ki ja. Yanzu yi mini addu'a, na yi kewar addu'arki."

Ta yi. Muryarta tana rawa, hannunta kuwa bai yi rawa ba. Tun daga ranar ita ke raka ni wurin kine, har ta iya tallafar hannun in za a manna fiye da Rifkatu.

Yanzu ku duba. Ga inda hannun yake kaiwa, daidai ƙirji, bai wuce nan ba. Yatsu suna kama lomar tuwo, rabi ya kai baki rabi ya koma kwano. An daina manna mini skoc, naman ya karɓi aikinsa, sai in zan yi doguwar tafiya a moto. Na san akwai masu cewa a ransu wannan ai ba warkewa ba ce, shaida sai wanda ya yar da sanda ya yi tsalle. Ku riƙe ra'ayinku. Ni na san inda aka ɗauko ni. Allah ya yi aikinsa ta hannun matar da ba ta shiga ɗakin nan, da wani ƙyalle mai danƙo, da bakin tsohuwa mai tsiwa, bai nemi shawarar kowa ba. Wanda abin bai yi masa ba sai ya kai ƙara wurinsa.

Ina gode wa Ubangiji Yesu da ya ji addu'ar da aka yi masa cikin fushi. Ina gode masa don Rifkatu, don Madam Zainabu, don Ladi da dukan matan zumunta. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In bakinku ya rufe yana jin abin da ke ciki. Ku yi addu'a ga marasa lafiya, kada ku fasa, amma ku buɗe ido ku dubi fuskar wanda kuke yi wa.

Kun ji sanarwar da aka yi ɗazu. Baba Ishaya na Attantane ya faɗi a gonarsa ta wake, ɓarin dama ya shanye, ba ya magana. An ce gobe mata da dattawa za su je yi masa addu'a, an kuma ce masu rauni su zauna gida don hanyar rairayi ce. Na ji, amma za ni. Na riga na sa an manna mini saboda hanya. In mun isa, ni zan zauna a damarsa, Ladi ta tallafi gwiwar hannun. Ku yi waƙa yadda kuke so, ku yi addu'a har rana ta faɗi. Wanda ya miƙo hannu zai ɗaga na Baba Ishaya, da ni zai fara gamuwa.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.